Nomau da Jirgin Mesa

A ƙauyen Tudun Kanya akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya, rumbun kuwa ya fi shekara bai ga hatsi ba. Mai gidan sunansa Nomau. Yana da mata, Tabawa, da 'ya'ya uku, da tsohuwar uwa wadda ko ƙofar gida ba ta iya fita. Nomau ba malalaci ba ne, bai kuma iya ƙarya ba. Matsalarsa ɗaya ce tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa sa shi tsaron ƙofar masallaci kada awaki su shiga, ya kuwa tsare ƙofar da kyau, awakin suka bi ta inda katanga ta rushe yana kallonsu.

Da zaizayar ƙasa ta cinye masa gona, kawunsa Barau, wanda ke gadi a birni, ya roƙa masa aiki a wani filin wasa inda ake zuwa hawan lilo.

"Wata guda za su gwada ka," in ji Kawu Barau. "In suka kore ka, ba ni da sauran wanda zan roƙa. Baki biyar na jiran ka a gida, ka dai sani."

Nomau ya ƙirga a yatsunsa, ya ga biyar ɗin ne cif. Ya ce, "To, Kawu."

Abin da ya fi jan jama'a a filin wani jirgin ƙarfe ne mai kujera goma sha biyu, yana gudu a kan dogon da aka ɗaga sama tsayin giginya. Zai hau a hankali, ya sulalo a guje, ya karkace a kwana har mutum ya ga ƙasa ta koma gefe. Mutane suka sa masa suna Mesa. Kowace kujera tana da ƙarfen da ake dannawa a cinyar mai hawa don ya riƙe shi. Manajan filin, Sallau, ya ajiye Nomau a ƙofar shiga, kusa da wani ginshiƙi da aka ja wa jan layi.

"Duk wanda kansa bai kai layin nan ba, ba ya hawa," in ji Manaja.

Wata rana wata 'yar yarinya ta zo da babanta, kanta ko kusa da layin bai je ba, ta fashe da kuka. Nomau ba ya son kukan yara. Ya sunkuya ya ɗaga ta sama har kanta ya taɓa jan layin, ya ce, "Ya kai. Wuce." Kafin ka ce me, yaran da aka kora tun safe sun dawo sun yi layi, kowa na miƙa hannu a ɗaga shi. Cindo, dattijon makaniken da ke tashin jirgin, ya leƙo ya ga kujeru cike amma ba ya hango kan kowa, ya kashe injin ya kira Manaja.

"Ƙaramin yaro zamewa zai yi ta ƙarƙashin ƙarfe ya faɗo!" Manaja ya daka masa tsawa. "Ƙafa a ƙasa, kai a layi! Kuma kan za ka auna, ban da hula, ban da komai. Kowa da kowa!"

"To, Oga," in ji Nomau.

Wata rana 'yan biki suka zo, mota biyu. A gabansu wata Hajiya ce doguwa, ta wuce jan layin da kamu guda, ta sha ɗaurin gwaggwaron da aka ɓata awa biyu ana kafa mata. Nomau ya tare hanya da hannu.

"Hajiya, a kwance ɗaurin nan in ga inda kai ya ƙare."

"Kai, lafiyarka kuwa? Ba ka ga tsawona ba?"

"Na ga tsawon ɗankwali, Hajiya. Kan ne ban gani ba."

Jakar hannun Hajiya ce ta ba shi amsa, sau huɗu. Sauran matan suka taya ta da baki. Manaja ya zo a guje yana ba da haƙuri, ya bar su duka suka hau kyauta. Da suka wuce ya juyo ya ce, "In mutum ya wuce layi da nisa, ka ƙyale shi!" Nomau ya shafa ƙeyarsa ya ce, "Nisa nawa, Oga?" Manaja ya dafe kai, ya ɗauke shi daga ƙofa ya mai da shi wajen danna ƙarfe. Ya nuna masa yadda ake yi, ya ce kada ya kuskura ya bar fili tsakanin ƙarfe da cikin mutum.

Wata rana wani malamin makaranta, Malam Jatau, ya kawo ɗalibansa, suka matsa masa sai ya hau. Malam Jatau siriri ne ƙwarai, irin wanda ake ƙara wa bel ɗinsa huda. Nomau ya danna ƙarfe har ƙarshe, ya zura hannu tsakanin ƙarfen da cikin Malam, hannu ya wuce salin alin. Ya tsaya ya yi tunani. Sai ya je ya ɗauko ƙunshin abincinsa na rana, dafaffen rogo da ƙuli, da gorar kunu.

"Bismilla, Malam."

Malam Jatau ya ɗauka karamcin filin ne ga malamai, ya yi godiya ya fara ci. Yana ci Nomau na gwada hannu, yana ƙara masa. Sai da rogon ya ƙare, kunun ya bi baya, hannu ya daina shiga, sannan Nomau ya ɗaga wa Cindo yatsa. Jirgi ya hau lafiya. A gangarar farko rogo ya dawo, waɗanda ke kujerun baya suka samu rabonsu. Nomau ya wuni da yunwa, ya kuma wanke kujera shida.

Ran nan Manaja bai yi tsawa ba, abin da ya fi tsorata Nomau ke nan. A hankali ya ce, "Saura kwana huɗu watanka ya cika. Ka ƙara ko ɗaya, ka kama hanyar ƙauyenku. Manta duk abin da na gaya maka a baya. Abu ɗaya ya rage: ka danna ƙarfe, ka ji ya yi ƙas sau uku. In bai yi uku ba, jirgi ba ya tashi, ko wane ne a ciki."

"Ko wane ne, Oga?"

"Ko ubana ne!"

Nomau ya ji tsoro na gaske. Ya tuna Tabawa da yaran da tsohuwa, ya yi ta maimaita uku a ransa har aka tashi.

Wata rana, ranar da watan gwajin ke cika, wadda ta faɗo washegarin Sallah, mai filin da kansa ya zo. Alhaji Korau ke nan, da baƙinsa, da motar buhunan shinkafar da zai raba wa ma'aikata. Allah ya yi wa Alhaji tumbi, tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Bai taɓa hawa Mesa ba, amma yau baƙi sun zuga shi. Ya tattare babbar riga ya cusa kansa a kujerar gaba. Nomau ya danna ƙarfe. Ƙas. Ƙas. Shiru.

"Ranka ya daɗe, a haɗiye ciki."

Alhaji ya haɗiye iya ƙarfinsa. Nomau ya sa gwiwa ya danna har idanun Alhaji suka firfito, ƙarfe bai ƙara ko ɗaya ba.

"Ya isa, ya kama," in ji Manaja yana murmushin dole. "Cindo, tashi jirgi."

"Biyu ne, Oga."

"Mai filin ne, wawa!"

"Ai ko ubanka ne ka ce, Oga."

Baƙi suka tuntsire da dariya. Manaja ya sake yi wa Cindo alama, sai Nomau ya dira ƙasa ya zauna daram a kan dogo, gaban jirgin, ya harɗe ƙafa. Alhaji ya sa aka buɗe masa, ya fito yana huci, kunya ta ishe shi.

"Ni za ka yi ta dannawa a gaban mutane kamar buhun hatsi? To je ka ɗauko buhun ka zaunar a wurina mana!"

Nomau ya tashi ya nufi mota. Ya saɓo buhun shinkafa ya ajiye a kujerar, ya dubi buhun, ya dubi Alhaji, ya koma ya ƙaro na biyu. Ya danna ƙarfe. Ƙas. Ƙas.

"Shi ma biyu ne, ranka ya daɗe."

"Madalla!" in ji Alhaji. "Kowa ya sauka. Ku tashi jirgin a haka, kowa ya ga biyu ta isa. Yana dawowa, wannan mutum ya tattara komatsansa."

Masu gadi biyu suka riƙe Nomau yana ta faɗin, "Biyu ne fa, biyu ne!" Cindo ya danna maɓalli. Mesa ta hau a hankali, ta sulalo, ta shiga kwana ta karkace. A nan ƙarfen ya ɓalle ya tashi sama. Buhu ɗaya ya fashe a iska, shinkafa ta zubo wa mutane a ka. Ɗayan ya tafi a dunƙule ya faɗa kan rumfar masu sayar da lemo, kwanon rufin ya lotsa har ƙasa. Allah ya kiyaye, masu rumfar sun fito kallo.

Jirgin ya dawo ya tsaya, kujerar gaba ba komai, ƙarfenta a buɗe. Alhaji Korau ya daɗe yana kallon rumfar, sannan ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Sai ya ce, "Sallau, sau nawa aka taɓa tashin jirgin nan da biyu?" Manaja ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Ina mutumin nan?"

Aka waiga, sai ga Nomau a tsugune yana tsince shinkafa cikin hularsa, ransa a ɓace, don rabon ma'aikata ne ya zube. Aka kawo shi gaban Alhaji.

"Daga yau jirgin nan ba ya motsi sai ka ce uku," in ji Alhaji. "Ko ni ne."

Nomau ya juya maganar a ransa, bai ga inda ta amsa abin da ke damunsa ba.

"Ranka ya daɗe, gobe in zo?"

"Ka zo gobe, ka zo jibi, ka zo kullum."

Ranar Litinin ranar hutu ce, ba a buɗe filin. Nomau ya zo, ya zauna a bakin ƙofar da ke kulle tun daga hantsi har la'asar, hankalinsa kwance.