Ranar da Na Ce wa Kwamandan Lokacinsa Ya Ƙare

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar bazara ba, 'yan watanni bayan soja sun karɓi mulki. Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Gaya, kuma ina karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo na gari. Kowa Mushe yake ce mini, wato malam da Faransanci, ni kuma na ɗauka duk wanda ya iya Faransanci ya iya komai.

Mai kula da na'urorinmu shi ne Malam Hamidu, dattijo marar yawan magana. Ranar zai tafi suna garin Tanda, sai ya tsayar da ni gaban ampili, wato akwatin ƙarfen da ke ƙara wa muryarmu ƙarfi kafin ta hau eriya.

"Mushe, abu biyu ne," in ji shi. "Fankar nan da ke hura masa iska, kada ka kashe ta. Wannan maɓallin kuma shi ke ba shi abinci, kada ya wuce jan layin da na zana. In ka ɗura masa fiye da cikinsa, ƙonewa zai yi."

Na ce to, na ji (ban ji ba, ina duban takalmina ne a lokacin).

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka aiko cewa sabon Kwamandan da soja suka naɗa zai zo da kansa ya yi sanarwar rabon iri ga manoma kafin damina. Na dubi ɗakinmu, kunya ta kama ni. Ampilin nan duk tsatsa ne, sai na aika gida aka kawo mini ƙyallen tebur na matata mai furanni, na lulluɓe shi tsaf har ramukan da iska ke fita. Fanka kuma ƙararta na shiga mikro, don katako kawai ya raba ta da wurin magana, sai na kashe ta. Sannan na ce ai muryar Kwamandan ba ta tsayawa a Gaya, dole garuruwan Bengou da Zabori su ji, har mutanen ƙetaren gadar kan iyaka. Na murɗa maɓallin nan ya haye jan layi.

Kwamandan ya iso da jandarma biyu, ya ce mini fofo, wato sannu, ya zauna ya fara karatu. Minti goma komai lafiya. Daga nan allurar da ke nuna ƙarfinmu ta soma sauka da kanta. Abin ya ɗaure mini kai: na ƙara abinci, ta yaya ƙarfi zai ragu? Sai na sake murɗawa. Ta ƙara sauka. Na ji ƙauri kamar an bar dutsen guga a kan riga, na shinshina hammatata, na shinshina labule, ban gane daga ina yake ba. Da na ɗaga gefen ƙyallen, sai ga wata jar fitila tana ƙiftawa, a ƙarƙashinta an rubuta TEMP.

Nan ilimina ya tashi. Na ce a raina ai wannan kalmar Faransanci ce, lokaci ke nan, harafin ƙarshe ne ya goge. Wato akwatin yana da awon da yake ba mai magana, kuma na Kwamandan ya cika (har na ji haushin Malam Hamidu da bai gaya mini ba).

Na lallaɓa na shiga, na sunkuya daidai kunnensa, wanda kuma daidai bakin mikro ne, na ce cikin ladabi:

"Ranka ya daɗe, lokacinka ya ƙare."

Ya ɗago ya dube ni. Jandarman da ke bakin ƙofa ya gyara tsayuwa. A daidai nan ampili ya yi ƙas, ya ɗauke.

Ku yi tunanin abin da gari ya ji. Kwamandan yana tsakiyar magana, wata murya ta ce masa lokacinsa ya ƙare, sai rediyo ya yi shiru. A ƙasar da aka yi juyin mulki jiya-jiya. Daga baya na ji cewa 'yan kasuwa sun fara jan ƙofofi, direbobin da ke layin gada sun juya kan motocinsu, wata mata ta zo lakwal da gudu ta kwashe 'ya'yanta uku.

"Wa ya aiko ka?" in ji Kwamandan, a hankali.

"Akwati ne, ranka ya daɗe."

"Akwati?"

Na nuna masa ƙyalle mai furanni. Ban san abin da nake nunawa ba, shi ma bai san abin da yake kallo ba. Aka zaunar da ni a kan benci tsakanin jandarman nan biyu, ina ta bayanin kalmar Faransanci ga mutumin da ya fi ni Faransanci.

Allah ya taimake ni, Malam Hamidu yana jin mu a Tanda. Da muryar ta soma dusashewa ya hau babur ko cin naman suna bai tsaya ba. Ya shigo, ya fizge ƙyallen, ya taɓa ƙarfen ya janye hannu da sauri. Ya kunna fanka, ya mayar da maɓalli ƙasan layi.

"Ranka ya daɗe, zafi ne," ya ce. "Wannan fitilar ta zafi ce, TEMP ɗin nan zafi yake nufi, ba lokaci ba. Da ya ji wuta sai ya rage ƙarfinsa don ya tsira, Mushe kuma yana ta ƙara masa. Da ya ga za a kashe shi, sai ya kashe kansa tukun. Da ba a sa masa wannan kariyar ba, da yau ba mu da rediyo sai an aiko kaya daga Yamai."

Kwamandan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Bayan ƙarfen ya huce ya sake karanta sanarwarsa, amma da sharaɗi: ni zan fara yi wa gari bayani da bakina. Haka na zauna gaban mikro na ce jama'a a buɗe kantuna, gwamnati na nan daram, ni ne na yi wa inji ado.

Tun daga ranar, in ƙarfe ya ƙi abin da nake so, ba na ƙara murɗa shi, don na gane wani lokacin ya fi ni hankali. In kuma wani babba yana magana, ko zai kai la'asar, ni dai ba agogonsa ba ne.