Kaka a Gaban Mota, Guntu a Sitiyari

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe kin kwana? Ni na ɗauka yau rabon tsummokaranki za mu yi."

Kaka ta watsa wa jikanta daƙuwa. "Ungo naka. Sai na ga furfurarka tukuna, mijin banza."

Tun hantsi take zaune a bakin ƙofa da jakarta a cinya. Yau za a sallami matar jikanta daga asibiti da ɗansu na fari. Jikan, wanda take kira Guntu duk da sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta, ya wanke motarsa tas. Bai san da safe mai jego ta kira Kaka tana kuka ba. Ta ce tsoron sa jaririn a motar mijinta take yi, don haka za ta tsayar da tasi a bakin asibiti, sai abin da Kaka ta ce. Kaka kuwa ta san kayanta. A gida ko kaza ba ya iya kora, amma da ya dafa sitiyari sai ya koma wani mutum daban. Ba ta son ya sha kunya a rana irin ta yau, ba ta kuma son a yi ganganci da ran jariri.

"Ɗaura bel," in ji Guntu da ta shiga gaba.

"Tun ina da rai za ka ɗaure ni?"

"Don kada iska ta yi gaba da ke. Nauyinki bai kai na matashin kai ba."

"A wannan gwangwanin? Ai ita ma iskar kunyar shiga take ji."

"Gwangwanin ya fi bakinki yawan kayan da ke aiki."

"Haƙori biyun nan sun ishe ni in cije ka. Ja mu je, sabon angona na jira. Kai na sake ka tun shekaranjiya."

Ba su bar layin ba ya fara danna hon. Ya danna wa mai kura, ya danna wa mai keke, ya danna wa wata akuya da ba ta ma kan hanya.

"Wai hon ɗin nan na aro ne, kake so ka more shi kafin mai shi ya zo?"

"Gaisawa muke yi."

"Gaisuwa da ambaton iyayen mutane? To raba aiki za mu yi. Kai riƙe sitiyari, ni in riƙe zagi. Tun ubanka bai iya sa wando ba nake sana'ar."

"Na yarda. Amma ki yi mai kyau, kada ki ba ni kunya."

Can sai ga wani mai babur ya sha gabansu ba sigina. Kaka ta sauke gilashi ta miƙa wuya.

"Sannu ɗan nan! Allah ya kai ka lafiya, a gai da mutanen gida!"

Mai babur ya waiwayo, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri.

"Wannan ne zagin?" in ji Guntu.

"Ba ka ga ya ji a jikinsa ba? Yau ko abinci ba zai iya ci ba."

"Na kore ki daga aiki."

"Wa ya ɗauke ni, balle ya kore ni?"

Dariyarsa ba ta gama sauka ba suka shiga shataletale. Wata motar kaya ta matso su, ta goge madubin gefensa har ya lanƙwashe, ta wuce abinta. Nan take fuskar Guntu ta canja. Ya taka totur, ya kutsa tsakanin motoci biyu, wata mata da ke tsallakawa da goyo ta ja da baya da salati. Kaka ta riƙe ƙofa gam. Tsoro ta ji sosai, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba, kuma yanzu ta gane kukan mai jego.

Ya sha gaban motar kayan ya ci birki. Ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerarta, wani abu mai sanyi ya taɓa dugaduganta. Ta duba ƙasa. Ƙarfen kwance taya ne, wanda wurinsa yake can baya tare da safayar taya. Ta ɗora ƙafa a kai ta danne.

"Ɗaga ƙafarki, Kaka."

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ta san wasa ya ƙare.

"Taya ce ta fashe?"

"Ba ki ga abin da ya yi mini ba?"

"Na gani. Madubi ne. Me za ka kwance da ƙarfe? Kan mutum?"

"Tsorata shi kawai zan yi."

"Idan shi ma da nasa ƙarfen fa? Ka fasa masa kai a rufe ka, ko ya fasa naka a rufe ka rufewar da ba a buɗewa. Yaron nan ko fuskarka bai gama gani ba." Ta ƙara danne ƙarfen da ƙafa. "Bari in gaya maka abin da ba a so ka ji. Yanzu haka akwai tasi a bakin asibiti. Matarka ce ta tsayar, don tana tsoron sa ɗanka a motarka."

Hannunsa ya saki ƙarfen.

"Ita ta ce haka?"

"Tana kuka ta ce."

Direban motar kayan ya kewaye su, ya leƙo ya surfa masa ashar, ya yi gaba. Guntu bai ko ɗaga kai ba. Motoci na ta hon a bayansu. Sannan ya sa hannu ta taga ya miƙar da madubin, ya ja motar a hankali.

Tausayinsa ya kama Kaka, amma ba ta iya lallashi ba sai da tsiya.

"Yanzu kuma tafiyar hawainiya? Kafin mu isa angona ya yi gemu."

"Ai dama sai ya yi gemu zai gane an cuce shi da tsohuwa." Ko ba komai dai ya rama.

A bakin asibiti mai jego na tsaye da jariri a cikin tawul, tasi a bayanta ƙofa a buɗe. Ba mijinta ta kalla ba, Kaka ta kalla. Guntu ya gani. Ya sunkuya ya zaro ƙarfen, ya miƙa wa Kaka da hannu biyu.

"Ungo, ki riƙa dogarawa. Ƙafafunki sun daɗe da yin ritaya."

"Ji kyautar matsiyacin miji. Wasu na ba da zinari, nawa ƙarfen taya."

"Kada ki dawo mini da shi ko na roƙa."

Kaka ta fito tana dogara ƙarfen, ƙwas, ƙwas, har gaban mai jego. Yarinyar ta kalli ƙarfen, ta kalli mijinta da ke tsaye hannu a sake, sai dariya ta kuɓuce mata haɗe da hawaye. Ta juya ta ba mai tasi haƙuri.

Kaka ta karɓi jaririn ta shige kujerar baya.

"Ni da angona nan za mu zauna. Kai direba, a hankali, kada ka tashe shi."

Guntu ya goge ido da bayan hannu yana dariya.

"An gama, ranki ya daɗe."