Ranar da Na Juya Hannun Alhaji Isaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙwaƙwalwar nan ta gama tsiyayewa, da yammacin Asabar ɗin da na shiga filin wasa a Doha da mayafina da jakata, na rusa wa bawan Allah aikin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi. Ni da ko ƙofar makarantar boko ban taɓa leƙawa ba. Ku gyara zama in ba ku labari.

Abin da ya kai ni Katar, haihuwa ce. Jikata Nafisa, likita ce a can, ta sauka lafiya, aka ce ba mai kula da ita a jego sai ni. Aka ɗauko ni daga Tudun Wadan Zariya aka sa a jirgi, sai ga ni a wata unguwa da ake kira Al Thumama, inda jirage ke wucewa ta kan mutum har ya ji a haƙoransa. Mijin Nafisa sunansa Sulemana, mutumin Zangon Kumasi ne, yaro mai kirki sai dai tsokana. Mahaifinsa kuwa shi ne Alhaji Isaka, surukinmu, dattijo mai furfura har a gira.

Da na tambayi sana'ar Alhaji, sai Nafisa ta ce manajan besbol ne. Na ce me ake sayarwa a wurin? Ta yi dariya har jaririn ya farka. Ashe wasa ne na Amurkawa, ana jefo ƙwallo kamar lemon tsami, wani ya make ta da kulki, ya zura da gudu yana taka wasu fararen abubuwa kamar matashin kai, guda uku, sannan ya dawo inda ya tashi, wai nan ne gida. Wanda ya dawo gida kafin ƙwallo ta riga shi, ya ci ɗaya. Shi kuma manaja shi ne uban tafiya, shi ke cewa wa zai buga, wa zai gudu, wa zai tsaya.

Alhaji da kansa ya ba ni tarihinsa wata rana da ya zo ganin jika, yana daga bakin ƙofa ina daga can ƙuryar falo. Yana ɗan shekara goma kawunsa ya tafi da shi Amurka. Ya yi wasan har gwiwarsa ta lalace, sai ya koma koyarwa. Ya riƙe ƙungiyoyi a ƙananan garuruwan da ya ce kaji sun fi mutane yawa, ya je Meksiko, ya je Koriya, ya kwana a mota ya fi a ƙirga.

"Hajiya, sau bakwai ana kora na," in ji shi, yana murmushi kamar mai ba da labarin aikin hajji. "Aikinmu haka yake. Ranar da aka ɗauke ka, ranar aka fara rubuta takardar sallamarka."

Na ce, "Subhanallahi! To me ka yi musu?"

Ya ce, "Ba na cin wasa ne kawai."

To a Doha wani kamfani ne ya kafa ƙungiya ya kawo shi, shi ne kafil ɗinsa, wato mai riƙe da takardun zamansa. Shekara biyu ke nan. Kuma an faɗa masa ƙarara: wasan ƙarshe na Asabar, in ya ci a sabunta masa, in bai ci ba, halas, wato shi ke nan, ya tattara. Shi kuwa ba abin da yake so a duniya irin ya zauna kusa da jikan nan nasa na fari. Wannan duk na sani. Ina so ku riƙe cewa na sani, don kada wani ya yi mini uzuri.

Ranar Asabar Sulemana ya ce, "Amaryata, yalla, tashi mu je ki yi wa surukinki addu'a." (Haka yake kirana, marar kunya.) Nafisa ta tsaya gida da jariri. Da ta biyo mu da duk wannan bai faru ba.

Abin da ya fara girgiza ni, shigar Alhaji. Mutumin da na saba gani cikin jallabiya da carbi, sai ga shi cikin wando fari matsattse, da safa ja har gwiwa, da 'yar hula mai baki, da lamba a bayansa, iri ɗaya sak da yaran da ya haifi iyayensu. Na kawar da kai na ce, "Sule, wa ya yi wa mahaifinka haka?" Ya ce ai doka ce, a wasan nan manaja ma sai ya sa kayan 'yan wasa. Na yi salati na ja mayafi.

An zaunar da mu a layin gaba na iyalai, ɗan shinge ne kawai iya ƙugu tsakaninmu da fili, da 'yar ƙofa. Duk sanda yaransa ke bugu, Alhaji sai ya zo ya tsaya kusa da matashin kai na uku, taku goma daga inda nake. Ni kuwa saboda wandon nan ban yarda na dube shi ba, idona na kan carbina tun daga fari.

Sai can wajen ƙarshe, rana ta yi sanyi, na ji filin ya yi tsit. Sulemana ya miƙe tsaye yana cizon yatsa. Ya ce mini ana bin su ɗaya, kuma saura mutum ɗaya a fitar musu wasa ya ƙare. Akwai wani dogon ɗan wasansu yana tsaye a matashi na biyu. Sannan ne na ɗaga kai na dubi Alhaji.

Jama'a, abin da na gani.

Ya taɓa hanci. Ya ja kunne. Ya shafa kunci. Ya dafe ƙirji. Ya sake taɓa hanci, ya shafo hannunsa na hagu tun daga kafaɗa har yatsu, ya sake dafe ƙirji. Bakinsa a karkace gefe guda (daga baya na ji cingam ne ya tara a kumatu), idonsa a kafe wuri ɗaya, ba ya ko ƙiftawa.

Na san alamun nan. Domin haka Malam ya yi, maigidana, Allah ya jiƙansa. Yana zaune a tabarma bayan la'asar ya dinga shafa kunci yana jan kunne yana murza hannu, ni ina tankaɗe ina ce masa ko sauro ne. Kafin mu gane, ɓarin jikinsa ya tafi. Shekara huɗu ina juya shi a shimfiɗa, ina ɗaga hannun nan ina zagaya shi kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta koya mini. Tun ranar na yi alkawari ba zan ƙara zama ina kallo ba.

Na ja rigar Sulemana na ce, "Sule, dubi mahaifinka!" Ya ce, "Na gani, Kaka, na gani, madalla!" ko juyowa bai yi ba. Na ce a raina, yau ga ɗan da ubansa ke mutuwa yana madalla.

Ban san sanda na buɗe ƙofar nan ba. Mai gadin ƙofar yana kallon wasa. Ni da ke hawa bene ana riƙe ni, na ratsa ciyawar nan kamar budurwa. Ina cikin tafiya na ji ƙas! an maki ƙwallo, mutane suka ɗauki ihu. Dogon nan ya taso daga matashi na biyu ya nufo mu kamar doki. Alhaji ya ɗaga hannu biyu sama. Na ce shi ke nan, faɗuwa zai yi.

Na cafke hannunsa na dama. Surukina! Namiji! A gaban duniya! Na ce, "Alhaji, yi kalmar shahada, kada ka bar shi ya sandare!" Na shiga juya hannun nan, zagaye, zagaye, zagaye, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Yanzu bari in faɗa muku abin da kowa a filin ya sani ban da ni. Duk shafe-shafen nan magana ce. Da ita manaja ke gaya wa yaransa abin da za su yi ba tare da abokan karawa sun gane ba. Hannu biyu a sama kuwa, ma'anarsa tsaya nan, kada ka wuce. In aka juya hannu zagaye-zagaye, ma'anarsa ruga gida, kada ka waiwaya.

Dogon nan kansa a ƙasa yake, da ya ɗago hannu kawai ya gani yana juyawa. Ya wuce mu da iska har mayafina ya tashi. Ƙwallo kuwa ta riga shi isa gida da nisa, mai tsaron gidan har tsayawa ya yi yana jiransa kamar mai jiran baƙo. Ya taɓa shi da ita. Alƙalin wasa ya dunƙule hannu ya yi wata ƙara, wai an fitar da shi. 'Yan ɗaya ɓangaren suka zubo fili suna tsalle.

Ni kuma ina nan riƙe da hannun Alhaji, na ciro man zafi daga jaka.

Ya dube ni. Bakinsa ya miƙe sarai. Ya ce, a hankali, "Hajiya. Lafiyata ƙalau."

Wallahi na so ƙasar nan ta tsage. Ya zare hannunsa, ya tafi wajen alƙalai ya ce a sake, tunda baƙuwa ta shigo fili. Na ga dattijon nan ya kai hancinsa dab da hancin alƙali yana zuba Turanci, yana shurin ƙasa da takalmi, har ya cire hula ya buga da ƙasa. Suka haɗa kai suka yi shawara, suka ce tsohuwar daga kujerun iyalinsa ta fito, hannun kuma nasa ne. Wasa ya ƙare.

Sulemana ya tuƙa mu daga filin har gida. Da muka shiga, Nafisa tana zaune da waya a hannu, an riga an turo mata hoto mai motsi na abin da ya faru. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "Kaka, da ma kina da gudu haka kike sa ni ɗauko miki ruwa?" Na shige ɗaki na rufe. Kwana uku ban fito falo ba.

Ranar Laraba aka ba Alhaji takardar. Ba a sabunta ba.

Na ce sai an kai ni. Na dama fura, na sa Sulemana ya tuƙa ni gidan Alhaji a Bin Omran. Na same shi yana naɗe rigunan wasa yana jerawa a akwati, zai koma Kumasi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na buɗe baki, kuka ya riga maganar fita.

Ya ce, "Haba Hajiya, tashi. Wannan ta takwas ce, na san hanya." Ya zauna a bakin gado, sannan ya ce, "Na yi kwana biyu ina jin haushinki, ba zan ɓoye ba. Amma na zauna na duba. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a wurin nan. An jefe ni da kwalba, an zagi mahaifiyata da harshe huɗu. Ba a taɓa samun wanda ya dube ni ya ji tsoron kada in mutu ba. Ɗana ma yana wurin."

Sulemana ya ce, "Baba, ai alama kake bayarwa!"

Ya ce, "Rufe mana baki. Miƙo furar."

Ya sha, ya ce a dinga turo masa hoton jikan duk Juma'a. Yanzu haka ta waya yake ganin yaron yana rarrafe, kuma duk sanda na tuna ni ce sila, sai abinci ya fita raina.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar mutane, in ka ga babba yana abin da bai yi kama da hankali ba kuma kowa ya yi shiru, to kai ne ba ka da labari, ka tambaya sau biyu kafin ka miƙe. Duk da haka ban bar shi ya hau jirgi ba sai da na sa Nafisa ta auna jininsa a gabana. Nasa daidai yake kamar na saurayi. Da ta juyo ta auna nawa, a ranar aka ɗora ni kan magani.