Saƙon Da Ba a Rubuta Cikin Takarda Ba

"...Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya hanya? Ya mutanen Safana? Ya ƙoƙari da jama'a?"

"Lafiya ƙalau, Inna. Duk suna gaishe ku."

Malam Sharhabilu ne durƙushe a gaban Inna Hajjo, matar kawunsa, a gidansu na Batsari, ranar Alhamis da hantsi. Hedimastan firamare ne a Safana, shi ne kuma shugaban Ƙungiyar Mu Gyara Garinmu, wadda ta tara jama'a suka gina ƙaramar kwalejin koyon aikin lafiya a bakin gari. An yi wa kwalejin sabuwar shugaba, ƙungiya za ta yi mata taron maraba ranar Asabar, shi aka aiko da takardar gayyata. Abin da ya ɗaure mashi kai tun daga gida shi ne, sabuwar shugabar ba kowa ba ce illa Dakta Zulaihat, ɗiyar kawun nan nasa, taubashiyarsa, wadda tun suna yara ba su taɓa rabuwa lafiya ba.

Bai gama gaisuwa ba sai murya ta fito daga ɗaki.

"Inna, yaushe aka kafa injin niƙa a ƙofar gidanmu? Tun ɗazu kunnena ke ƙara."

"Babur ɗina ne," in ji Sharhabilu. "Sabo fil."

Zulaihat ta ɗaga labule ta dube shi sama da ƙasa. "Au, ashe bawana ne. Tashi, tashi, na yafe maka durƙuson."

"Ba ke na durƙusa wa ba. Kuma ki iya bakinki, yau ni ba Sharhabilu ba ne. Ƙungiya ce sukutum ta zo gidan nan."

"Shi ya sa rigar ta yi maka yawa. Ashe mutum arba'in aka ɗinka wa."

"Shadda ce, 'yar ƙauye. Ina kika san ta?"

"Na san ta mana. Ita ce kawu Daudu ya yi ɗaurin aurensa na fari da ita."

Inna Hajjo ta ja tabarmarta gefe tana dariya. "Ni dai babu ruwana. Ku cinye kanku."

Sharhabilu ya gyara zama, ya zaro ambulan daga aljihu. "Wallahi da na ji sunan da aka ambata a rediyo sai da na girgiza rediyon, na ɗauka batir ne ya yi sanyi. Na ce wace Zulaihat? Wadda talo-talo ya kora daga ƙofar gidan nan har ta faɗa kwatami?"

"Ni ce. Kai kuma ba kai ne ranar allurar ƙyanda sai da ƙarti uku suka danne ka ba? Kana ihu kana kiran Inna, kana cewa a yafe maka ba za ka ƙara ba. Yau kai ne uban kwalejin koyon allura! Allah mai iko."

"Allurar zamaninmu ai ba irin taku ba ce. Tamu da ita ake ɗinke buhu."

"To miƙo takardar."

"Ba a miƙa wa shugaba takarda haka nan. Ƙungiya ta ce a karanta maki."

"Madalla. Tashi tsaye ka karanta."

"A zaune ma ina gani."

Ya warware takarda, ya yi gyaran murya, ya fara a hankali kamar mai cin tuwo da zafi. "Zuwa ga... mai girma..."

"Ban ji ba. Inna, kin ji?"

"Ban ji ba," in ji Inna Hajjo.

"Zuwa ga mai girma Dakta Zulaihat! Bayan gaisuwa, mu 'yan ƙungiyar nan muna alfahari da ɗiyarmu, wadda ta yi shekara goma sha huɗu tana karɓar haihuwa a babban asibiti, ta koyar da ungozomomi da ba su ƙirguwa, wadda duk inda aka ambaci sunanta sai an ce Allah ya yi mata albarka..." Ya tsaya ya yi tari. "Ku ba ni ruwa. Maganar nan ta maƙale mani a wuya."

"Ci gaba, daɗi take mani. Wa ya rubuta?"

"Sakatare."

"Kawo in gani." Ta fizge takardar. "Sakatare ko? Wannan rubutun da ke gangarowa kamar akuya a kan tudu, duk ƙasar Katsina mutum ɗaya ke yin sa. Inna, Sharhabilu ne ya zauna ya yabe ni da hannunsa. A sa mani takardar nan a gilashi."

"Tilasta mani aka yi. Kwana biyu ban ci abinci ba."

"Tumbinka bai nuna ba. To me kuka tanadar mani?"

"Abin da ba ki taɓa gani ba. Rumfa uku. Kujeru sai da muka kwashe na makarantu biyu. Matan ƙungiya tun jiya suke surfen gero, Fulanin Runka sun yi alkawarin nono ƙwarya goma. Rago kuwa ni na zaɓo shi da kaina a kasuwar nan taku yau da safe. Da aka ɗora shi a a-kori-kura sai da tayar gaba ta ɗaga sama."

"Kai ka zaɓa? Inna lillahi. A je a duba, bunsuru ne."

"Rago ne, da ƙaho kamar na bijimi!"

"Kai da aka aike ka sayen zakara ka dawo da kaza mai kwanci?"

"Ita ta ce mani zakara ce."

Suka yi dariya har Inna Hajjo na share hawaye da gefen mayafi. Da dariyar ta lafa, Sharhabilu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ɗan jima yana juya ta.

"Akwai saƙo guda da ba a rubuta ba," ya ce. "Sun ce tunda ni ne ba na jin kunyarki, ni zan tambaya. Kwana za ki riƙa yi a Safana, ko wuni?"

"Ban gane ba."

"Kin gane sarai. Shugaban da ya sauka mutumin kirki ne, amma daga Katsina yake zuwa, ranar Talata, kafin la'asar ya juya saboda rashin tsaro a hanya. Ban ga laifinsa ba, kowa na son ransa. To amma da malamai suka ga haka su ma sai suka koma 'yan wuni. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu. Aji guda da muka buɗe da ɗalibai hamsin, yanzu sha tara suka rage. Malam Usaini na ƙauyen Babban Duhu ya faɗa mani gaba da gaba, in shugaba ba ta kwana a garin, ɗiyarsa ma ba za ta kwana ba."

Zulaihat ta ninke takardar gayyatar, shi kuwa ya ci gaba.

"Ita ɗiyar tasa, Zahra'u, kin san abin da ta yi da daminar nan? Matar ƙanena Nasiru naƙuda ta kama ta a can ƙauye, rana tsaka, an hana bin hanya, babu mai babur ɗin da zai fito. Yarinyar nan da ke aji biyu kawai ita ta tsaya a kanta har ta sauka lafiya. Da babu kwalejin nan, da yanzu wata maganar muke yi. Bulo ɗin wurin nan da kanmu muka ɗauka, Zulai. Ba mu so ya koma ɗakin ajiye gyaɗa."

Zulaihat ta yi ajiyar zuciya, ta kaɗa kai. "Kai dai ka cika son kai. Ni in baro gidana mai ruwan famfo, in zo in tare a garin da kai ne babban mutum? Kullum in buɗe taga in ga wannan rigar tana wucewa?"

"Sai in riƙa bi ta bayan gari."

"Ƙarar babur ɗin fa?"

"In tura shi da hannu."

"Da kanka?"

"Wallahi da kaina."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Sharhabilu ya dubi Inna Hajjo, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana tsince wake a faifai kamar ba ta wurin. Can sai ga Zulaihat ta fito da wata ambulan, ta jefa mashi a cinya.

"Kai hedimasta ne, ko kuwa shi ma aron sa ka yi? Karanta."

Ya buɗe. Takardun canjin makaranta ne na 'ya'yanta guda biyu: Jabir, aji biyar, Ramlat, aji uku. An rubuta sunan makarantar da za su koma, makarantarsa.

"Babansu ya amince tun kafin in sa hannu a takardar aiki," ta ce. "Shi zai riƙa zuwa ƙarshen mako. Kayanmu na ɗaure tun shekaranjiya, gobe mota za ta kawo su. Wanda zai ce wa iyaye su kawo 'ya'yansu, ai nasa ya kamata a fara gani a garin. Ka je ka faɗa wa Malam Usaini haka. Ranar Litinin kuma ina son Zahra'u a ofishina, ina so in ga hannun nan nata."

Sharhabilu ya karanta takardun, ya sake karantawa. Ya buɗe baki ya rufe.

"Inna, duba," in ji Zulaihat. "Tun da aka haife shi yau ne na fara ganin bakinsa ya mutu. A kawo ma'aunin zafin jiki a auna shi."

Bai kula ta ba. Ya juya wajen Inna Hajjo, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, kun haifi ɗiya. Allah ya saka maku da alheri. Amma don Allah kada ki faɗa mata ni na ce."

"Ai ina nan zaune!"

"Ba da ke nake ba."

Ya sa hannu cikin aljihun ciki, ya laluba, ya fito da makulli guda biyu ɗaure da jan zare.

"Na gidan shugaba ne, na cikin kwaleji. Mun canja kwano, mun sa sola, mun yashe rijiya. Ƙungiya ta ce kada in fito da shi sai na ji daga bakinki, in kuwa wuni kika ce in komo da abinmu shiru." Ya tashi tsaye, ya miƙa mata da hannu biyu. "Fentin ma leburori muka sa, ni ban taɓa komai ba, kada ki ɗauka na damu da ke."

Ta karɓa, ta leƙa gefen kansa. "Leburori ko? To wannan shuɗin fentin da ke bayan kunnenka, da shi aka haife ka?"

Ya kai hannu ya shafa, ya duba yatsa. Sai dariya ta ƙwace mashi har hula ta faɗi ƙasa.

"Shi ke nan, uwar ɗakina. Yau kam kin ci. Inna, a zubo mani fura in sha, in je in faɗa wa mutanen Safana su ƙaro kujeru."