Ƙarar da na ji a bayan mota

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kira Hamidu maha'inci a gaban ma'aikatansa ba. Da ana janye magana, ita zan fara janyewa.

Na fi shekara ashirin ina tuƙi a Riyadh, kuma kunnena nake taƙama da shi. Ban yi boko mai nisa ba, amma in mota ta yi tari na san inda ke mata ciwo (haka dai nake gaya wa mutane). Lokacin ina tuƙa wani injiniya Bajamushe, kuma ni na haɗa kamfaninsu da garejin Hamidu, mutumin Maradi, maƙwabcina a unguwar Nasim.

Bayan wani sabis sai na fara jin ƙara daga baya: dum-dum-tak, dum-dum-tak, ba ta sauri ba ta lafawa, ga wani gurnani kamar injin niƙa. In na kashe mota sai ta ɗauke. Na tambayi Baturen da nake tuƙawa da guntun Turancina ko yana jin matsala, ya ce babu. Sau uku ina mayar da motar, sau uku Hamidu na cewa lafiyarta ƙalau. Mudir, wato manajan kamfani, ya ce in ba a gyara ba zuwa Alhamis, za su janye motocinsu duka. Rabin abincin Hamidu ke nan.

Rannan a garejin na fashe. "Jabun kaya ka sa mana, kana tsammani ba za a gane ba?"

"Alhaji, ji tsoron Allah," in ji shi. "Kawo wanda ya ji ƙarar nan ban da kai."

Na je na ɗauko Bature ya zama shaida. Ya zauna a baya, na tayar da mota, sai ga ta. "Ka ji ko? Ka ji!"

Hamidu ya saurara. Bai ko leƙa ƙarƙashin mota ba, ya miƙa hannu ta taga ya murɗa rediyo. Ƙarar ta cika garejin, har da sautin jita.

Ashe wayar Bature ce ke haɗuwa da rediyon duk sanda ya shiga. Kiɗan wasu 'yan ƙasarsu ne tun yana saurayi. Bature ya ce da gangan mai gangar ke bugawa kamar inji, ba ya canzawa, kuma makaɗa da yawa a duniya har yau su suke kwaikwayo. Ya dafa kafaɗata yana dariya, wai ni ne na fi kowa fahimtar su.

Kunya ta kama ni, amma wallahi sanyin da na ji ya fi ta: aikin Hamidu ya tsira. Da yamma na je gidansa da dabino. Ya ce, "Na yafe, Alhaji. Gobe ka kawo rediyon in canza masa birki."

Ku da ke da sauran ƙuruciya, don Allah kada ku yi irin tawa. Kafin ku ɗaga wa mai gyara murya, ku fara kashe rediyo.