Ta'aziyyar Kwamfutar da Taswira Ta Kashe a Toranke

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya yana hawaye ɗaya yana dariya, Inuwa malamin gona na Gaya yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin dalbejiyar mai unguwar Toranke, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma duk wanda ya zauna da ita sai da ta koya masa haƙurin dole. Ba ta taɓa yi wa taswira gaggawa ba. In Inuwa ya buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, ya nemi garin Gafasa a taswira, sai ta fara da nuna masa duniya baki ɗaya, sannan ta riƙa kawo ƙasar Kano gutsure-gutsure, kamar mai rabon nama a gidan yawa. Kafin hanya ta fito, shi ya kai Gafasa a babur ya dawo.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga kunya biyu ta gero. Garmar shanu ta tumɓuke gambar da ta raba gonar Baffa, ƙanin mahaifin Inuwa, da ta maƙwabcinsa Ɗanasabe. Kowa ya ce kunyoyin nasa ne, har gaisuwar shekara arba'in ta yanke. Inuwa ya bugi ƙirji gaban dattawa cewa hoton sama zai nuna inda gambar take, a minti biyu kacal.

Aka shimfiɗa tabarmi. Marigayiya ta ce "fuuuu", ta kawo ƙaramar hukumar Ajingi. Ta ce "ƙirrr", ta kawo bakin Toranke, da gonar kowa da kowa, har da wata rijiya da aka cike tun bara waccan. Gurbi ɗaya ne ya rage fari fat, da 'yar da'ira tana ta juyi a tsakiyarsa, kuma nan ne iyakar. Inuwa ya ɗaga ta sama neman sabis, ya sauke, ya yi mata fifita da hularsa, gumi na tsiyaya har gemu.

Ana cikin jira Inna Indo, matar mai unguwa, ta aiko da fura. Kwano ɗaya ne da ludayi ɗaya, dole Baffa ya sha ya miƙa wa Ɗanasabe. Suka haɗu suna yi wa Inuwa dariya, dariya ta jawo hira, hira ta kai su ga cewa kowa ya ɗauki kunya guda a huta. Suna tafawa marigayiya ta ce "tik", fuskarta ta yi baƙi. Inuwa ya ji kunya ƙwarai, ya kuma ji daɗi.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin ƙyalle, da batir mai kumburin ciki, da shafuka goma sha tara a buɗe, babu wanda ya gama shigowa.

Za a yi jana'izarta gobe bayan la'asar, tsakanin kunyar Baffa da ta Ɗanasabe. Za a kafa ta a tsaye, rabinta a ƙasa, a dasa gamba a gefenta, domin ta nuna iyakar da ta kasa nunawa tana raye. Masu zuwa daga Gaya, don Allah ku tambayi hanya a bakin kasuwa.