Ranar da Na Nuna wa Liman Rawa a Maimakon Arfa

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na gama karatun lantarki na koma Rogo ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro wuta.

Kawuna Alhaji Bala yana da ƙaton farantin satalayit, irin wanda moto ke juyawa har ya saitu da tasha. Moton ya ƙone ana saura kwana uku tsayuwar Arfa, ga shi ya gayyaci Liman da dattawan unguwa kallo.

Aka kira Malam Sule, mai gyaran rediyo daga Karaye. Ya ce a sa moto mai na'urar da ke gaya masa inda farantin ya tsaya. Ni kuwa na tsoma baki (ba wanda ya tambaye ni).

"Baba Sule, moto iri uku ne. Na fanka juyi kawai ya sani. Naka sai ya yi ta tambayar hanya. Amma sitefa taku-taku yake tafiya, yana ƙirgawa, ba ya kuskure."

"To, ɗana, in iska ta ture shi ya tsallake taku, wa zai gaya masa?"

Na yi dariya. Wallahi har da riƙe ciki.

Kawu ya bi tawa. Na kwance sitefa daga tsohon injin buga takardu, na haɗa, ya yi aiki lafiya lau.

Ranar Arfa da hantsi hadari ya taso, iska na kaɗa farantin. Falo ya cika, janareta na ruri. Na gyara hula, na danna maɓallin juya farantin. Moton banza ya ƙirga takunsa cif, ya tsaya da gadara. Sai ga wasu mata a talabijin suna tiƙar rawa, kayan jikinsu ko hankici ba za su yi ba.

"A'uzubillahi!" in ji Liman, ya ja rawani ya rufe ido.

Na danna, na sake dannawa. Farantin ya tafi, ya dawo kan matan nan! Wani tsoho mai raunin gani ya ce, "Alhazan bana ba su da nutsuwa."

Kawu ko kallona bai yi ba. "A ɗauko babur a je Karaye."

Tun daga ranar, moto ne ko mutum, in ba ya tambayar inda ya tsaya, ba na ba shi amana. Ni ma nakan jira a tambaye ni.